Kowane Harafi Dala Hamsin

Na je wa Alƙasum da takarda ninki huɗu.
Rumfarsa na bayan tasha, nan cikin Tawa,
inda warin fenti ke kokawa da na mazut.
Ɗan yayata ya rubuta mini, ɗan lise ne,
kwana biyu yana ɗura wa takardar zuma.

Alƙasum ya goge hannu a gaban riga,
ya karanta da ƙarfi, jama'a na wucewa:
"Muna farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma,
na kusa da na nesa, maza da mata,
cewa shahararren cuku, gangariya, na ƙasaita,
wanda babu kamarsa a duk faɗin duniya..."
Nan numfashinsa ya ƙare. Ya dube ni.

"Sahiya, kin san farashina?
Kowane harafi dala hamsin.
Wannan kuɗin raƙumi ne, har da akala."

Na ce to a rage.
Ya zaro guntun fensir daga bayan kunne.

"Farin cikin nan naki ne, bar shi gida,
mai saye bai tambayi lafiyar zuciyarki ba."
Ya soke.
"Ɗaukacin al'umma, wa ke nan?
Kira kowa a kasuwa ki ga mai waiwayowa.
Wa ke tsayawa gaban teburinki?"
Na ce matafiya, masu neman tsarabar Yamai.
"To da su za ki yi magana.

Shahararre? In ya shahara, me ya kawo ki?
Gangariya? Haka mai tumatir ya ce mini jiya,
rabin kwandon na zuba wa awaki.
Faɗin duniya kuwa, ina kika taɓa kaiwa?"
Na ce Ƙwanni.
Ya yi dariya har gwangwanin ja ya yi tangaɗi.

"Direba ido ɗaya yake ara miki,
ɗayan na kan gudiro.
Abin da bai karantu kafin ya canza giya ba,
daidai yake da wanda ba a rubuta ba.
Faɗa mini abin da ba mai iya ƙaryatawa."

Na yi shiru. Ƙuda ya sauka a buroshi, ya tashi.
Na ce daga Abalak ƙanena ke kawo shi,
ba ya cika sati a hannuna,
kuma ban taɓa hana mutum ɗanɗano ba.

"Ga tallarki nan, kin zauna a kanta
kina ta aron rigar wasu.
Farashi ki sa da alli a ƙasa,
don shi ba ya zama wuri ɗaya."

Ya sa na karanta sau uku a tsaye,
inda harshena ya yi tuntuɓe, ya cire dutsen.
Da la'asar allo ya bushe, fari a kan shuɗi:

CUKUN ABALAK
NA WANNAN SATI
ƊANƊANA KAFIN KA BIYA

Harafi arba'in da ɗaya,
jaka goma da dala hamsin.
Ya yafe hamsin ɗin a kan cuku guda.
Na ce, malam, kai ka yanke cinikinka da hannunka.
Ya ce, "Allo mai surutu ni yake zagi,
sunana na can ƙasa, a kusurwa."

Ɗan yayata ya zo, ya tsaya, ya ƙirga,
ya ce ina sauran Hausarsa?
Ban gaya masa a cikinta na naɗe wa
wani ɗan kamasho cuku biyu ba.

Motar Yamai yanzu tana rage gudu a gabana,
hannuwa na fitowa ta taga.
Amma gangariyar nan har yau tana mini ciwo,
don cukuna gangariya ne, Allah shaida.
Sai nakan bari mutum ya gutsura, ya tauna,
in ya lumshe ido, sai in faɗe ta da baki.
Baki dai Alƙasum bai sa masa farashi ba.